Abubuwan da Ake Samowa daga Dabbobi wajen Haɗa Magungunan Rigakafi: Bayani Domin Jama'ar Ƙasar Yawuri da Bakin Tafkin Kainji

1.0 Gabatarwa

A farkon watan Disamba na shekarar 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, aka kuwa fara da jihohi biyu, watau Kabi da Bayelsa. Dalilin zaɓen Kabi a fili yake, domin binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin ɗari na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar wannan cuta a jininsu, kuma babu jihar da ta kai ta. Ita wannan allura sau huɗu ake yin ta: a wata na biyar da na shida da na bakwai, sa'an nan a wata na goma sha biyar.

A ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga, zuwa huɗu ba ƙaramin aiki ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tayar da kimanin mutum 44,000 daga mazaunansu, jama'a da yawa suna zaune ne a gungaye da tungaye na bakin tafki, inda sai da jirgin ruwa ake isa. Uwar da za ta ɗauki jinjiri ta ƙetare ruwa har sau huɗu, lalle sai ta yarda da abin da za a sa masa a jiki, kuma sai maigidanta ya yarda. Tambayar da aka fi yi wa ma'aikatan lafiya da malaman makaranta a irin waɗannan wurare ita ce: "Me aka sa a cikin maganin nan? An ce akwai alade."

Makasudin wannan takarda shi ne amsa wannan tambaya daki-daki. Za mu nuna cewa gaskiya ne ana amfani da abubuwan da aka samo daga dabbobi wajen haɗa wasu magungunan rigakafi, amma ta hanyoyi uku mabambanta, waɗanda bai kamata a cuɗa su wuri guda ba. Daga nan za mu duba abin da malaman shari'a suka ce, da darasin da ke cikin abin da ya faru a Kano a 2003.

2.0 Dabba da Rigakafi a Tarihi

Tun asalinsa, rigakafi daga jikin dabba ya fito. A 1796 wani likita a Ingila, Edward Jenner, ya ɗebi ruwan ƙurjin wata cutar shanu mai kama da agana daga hannun wata mai tatsar nono, ya sa wa wani yaro, yaron kuwa ya tsira daga agana. Sunan da Turawa ke kiran rigakafi da shi ma daga kalmar Latin mai ma'anar saniya aka samo shi. Shekaru da yawa bayan haka, a fatar maruƙa ko tumaki ake rainon wannan magani, a kankaro shi a tace. Da shi aka yi wa iyayenmu lambar da har yanzu ake gani a damatsan dattawa. An daina ganin agana a Nijeriya a 1970, aka kuma bayyana ƙarewarta a duniya a 1980. A Yaba ta Ikko akwai ɗakin da ya riƙa haɗa rigakafin agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare tun daga 1940 har zuwa 1991.

Makiyayanmu su ma ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Tun kafin zuwan likitocin dabbobi, Fulani a sassa da dama na Afirka ta Yamma kan yanki ɗan guntun huhun saniyar da ciwon huhu ya kashe, su tsaga fatar karan hancin lafiyayyar saniya su cusa shi, domin kada cutar ta kama ta da ƙarfi. Haka kuma cutar bushiya, wadda ta yi wa garkunan ƙasar Hausa kaca-kaca a ƙarshen ƙarni na 19, ta sake dawowa a 1983, da maganin da aka samo daga jikin dabba aka yaƙe ta. Ɗakin binciken dabbobi da aka kafa a Vom a 1924 ya fara ne da haɗa magani daga jinin shanu, daga baya aka koma ga rigakafin da Walter Plowright ya raina a ƙwayoyin ƙodar maraƙi. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya. Saboda haka duk Bafulatanin da ke shayar da shanunsa a bakin tafkin Kainji a yau yana cin moriyar wannan aiki.

3.0 Hanyoyi Uku da Dabba ke Shiga Aikin

3.1 Dabba a Matsayin Gona

Ƙwayoyin cuta iri biyu ne suka fi shafar wannan bayani: bakteriya da bairos. Ita bakteriya tana iya rayuwa ta hayayyafa a cikin romo. Shi kuwa bairos ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Don haka mai son haɗa rigakafin cutar da bairos ke kawowa dole ne ya nemi abin da zai zamar masa gona.

Misali na farko shi ne rigakafin shawara, wanda aka bi gari-gari ana yi a Jihar Kabi a ƙarshen 2018. Asalin irinsa daga jinin wani mutum ne mai suna Asibi, wanda cutar ta kama a ƙasar da ake kira Gana a yau, a 1927. Max Theiler da abokan aikinsa suka yi ta dasa wannan bairos daga wannan tsoka zuwa waccan, ta ɗan ɓera da ta ɗan tsako, har ya yi laushin da ba ya iya kawo cuta, a 1937. Har yau a cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako ake rainonsa: a huda ƙwai a sa irin, a bar shi kwana uku ko huɗu, sa'an nan a kwashe a tace. Wasu nau'o'in rigakafin ƙyanda su ma a ƙwayoyin ɗan tsako ake rainon su.

Misali na biyu shi ne ɗigon shan-inna, wanda akasari a ƙwayoyin ƙodar biri ake noma shi. Akwai wani zuri'ar ƙwayoyi da ake kira Vero, wanda aka samo daga ƙodar wani birin Afirka a Japan a 1962. Tun daga lokacin waɗannan ƙwayoyi suke ta rarrabuwa a cikin kwalabe, ana raba su ga masana'antu, ba tare da an sake yanka wani biri dominsu ba. Sabon ɗigon shan-inna da Nijeriya ta riga kowace ƙasa amfani da shi a watan Maris na 2021, a kan irin waɗannan ƙwayoyi ake rainonsa.

Allurar BCG kuwa, wadda ake yi wa jinjiri bayan haihuwa domin tarin fuka, ita kanta ƙwayar daga saniya aka samo ta. Calmette da Guérin na Faransa sun shekara goma sha uku, daga 1908 zuwa 1921, suna dasa ta a kan dankalin Turawa da aka dafa da ruwan matsarmamar sa, har sau 230, kafin ta yi laushi.

3.2 Dabba a Matsayin Kayan Aiki

Gona tana bukatar taki. Ƙwayoyin da ake raino a kwalba ana ciyar da su da ruwa mai gishiri da sukari, sau da yawa kuma akan ƙara ruwan jinin maraƙi ko na ɗan tayin saniya, watau ruwan nan mai fatsi-fatsi da ke tasowa idan jini ya daskare. Ita ma bakteriyar da ake haɗa rigakafin mashaƙo da na sarƙewar haƙora da ita, akan ciyar da ita da romon da aka yi da sinadarin madarar shanu ko naman sa. Tun da cutar haukan shanu ta ɓulla a Ingila a 1986, hukumomi suka tsananta sharuɗɗa a kan ƙasar da za a samo waɗannan shanu da kuma sashen jikinsu da za a taɓa.

A nan ne alade ya fara shigowa. Ƙwayoyin da ake raino sukan manne a jikin kwalba kamar yadda gansakuka ke manne wa gindin jirgi. Idan za a raba su zuwa wasu kwalabe, sai a zuba musu wani sinadari da ake kira tirifsin, wanda ke saki mannewar. Shi tirifsin yana cikin ruwan narkar da abinci da wata gaɓa ta kusa da tumbi ke fitarwa, a jikin mutum da na dabba, kuma wanda masana'antu suka daɗe suna amfani da shi daga alade ake tatso shi. Aikinsa na 'yan mintoci ne. Daga nan sai a wanke, a canja ruwa, a yi ta tacewa a matakan da ke biye. Abin da zai iya saura a cikin ɗigo biyun da ake ɗiga wa yaro ɗan burbushi ne ƙwarai, in ma akwai. A yanzu akwai irin wannan sinadari da ake samarwa daga ƙananan halittu ba tare da dabba ba, wasu masana'antu kuwa sun koma gare shi.

3.3 Abin da ke Zama a Cikin Kwalba

Hanya ta uku ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta, domin a nan da gangan ake zuba abin, kuma tare da shi ake yi wa yaro allura. Sunansa jelatin. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar saniya ko na ganda ya kwana ya daskare ya san shi, domin shi ne abin da ke sa romon daskarewa. Ana samo shi daga fata da ƙashi, na shanu ko na alade ko na kifi. Wanda ake sa wa magungunan allura yawanci na alade ne, wanda aka jiƙa da ruwan tsami, aka dafa, aka tace, aka kuma farfasa shi zuwa ƙananan gutsattsari har ya daina daskarewa.

Amfaninsa shi ne kare rayayyen bairos daga lalacewa a lokacin da ake busar da shi ya zama gari, da kuma lokacin da zafi ya taɓa shi a hanya. Ana samun sa a wasu nau'o'in rigakafin ƙyanda da na shawara, gwargwadon masana'antar da ta haɗa. Yawansa a allura guda bai cika wuce miligiram 15 ba, watau bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Idan muka tuna cewa maganin da za a kai wani gungu sai ya baro ma'ajiyar sanyi a Birnin Kabi, ya sauka a Yalwa ko Wara, ya hau babur, ya shiga jirgi a cikin akwatin ƙanƙara a tsakiyar zafin bazara, za mu ga cewa abin nan da ake tambaya a kansa yana daga cikin abubuwan da ke sa maganin ya iso da ƙarfinsa. Canja shi kuwa ba aikin dare ɗaya ba ne, domin duk masana'antar da ta canja abin da ke tsare maganinta sai ta sake gwaje-gwaje na shekaru kafin hukuma ta amince.

Ya kamata a lura cewa magunguna da yawa babu jelatin a cikinsu. Ɗigon shan-inna da gishirin magnesiyam ko sukari ake tsare shi. Rigakafin ciwon hanta a cikin yis ake samar da shi, ɗan'uwan wanda ake kwaɓa burodi da shi. Ita ma allurar zazzaɓin cizon sauro da muka buɗe wannan takarda da ita, mai suna R21, a yis ake rainon sinadarinta, abin da ke ƙara mata ƙarfi kuma daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile ake tatso shi, babu kuwa jelatin a jerin abubuwan da ke cikinta.

4.0 Matsayin Malaman Shari'a

Mu ba masu ba da fatawa ba ne. Iyakarmu mu kawo abin da masu ita suka faɗa. Aya ta 173 ta Suratul Baƙara ta haramta mushe da jini da naman alade, ta kuma ɗauke laifi daga wanda ya matsu. A kan ƙa'idoji uku malamai suka gina maganarsu game da magunguna.

Ta farko ita ce istihala, watau rikiɗar abu daga asalinsa zuwa wani abu dabam mai sabon suna da sababbin siffofi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun san wannan: giyar da ta rikiɗa ta zama ruwan tsami ta tsarkaka, almiski mai tsarki ne ko da yake daga jini ya samo asali, haka ma shukar da aka shayar da najasa. Manomin albasa a fadamun Yawuri da ya zuba wa gonarsa taki har da kashin jaki, ba wanda ya ce albasarsa ta haramta. A kan wannan ƙa'ida ne wani taron malamai da likitoci fiye da ɗari, wanda Ƙungiyar Musulunci ta Ilmin Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995, ya yanke cewa jelatin da aka samo daga ƙashi da fata na dabba mai najasa ya tsarkaka. A 2001 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da Gabas ta Tsakiya ya rarraba wannan matsaya ga ƙasashen yankin.

Ta biyu ita ce narkewar ƙanƙanin abu a cikin mai yawa har ya ɓace. A mazhabar Malikiyya, ruwan da najasa ta faɗa masa ba ta canja launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba, yana nan da tsarkinsa. Wannan yana daga cikin hujjojin da Majalisar Fatawa ta Turai ta kawo a zamanta na watan Yuli, 2003, inda ta halatta ɗigon shan-inna da aka yi amfani da tirifsin wajen haɗa shi.

Ta uku ita ce lalura. Akwai malaman da ba su yarda cewa jelatin ya rikiɗa rikiɗa cikakkiya ba, kuma ba daidai ba ne a ɓoye wannan saɓani. Majalisar Malamai ta Indunusiya, alal misali, ta ce a 2018 rigakafin ƙyanda da aka kawo musu daga Indiya an yi amfani da abin da aka samo daga alade wajen haɗa shi, don haka a asali haramun ne, amma ya halatta a yi shi saboda babu madadinsa kuma barinsa haɗari ne ga rayukan yara. To, amma jama'a da yawa rabin farko na fatawar kaɗai suka ji, yawan yaran da aka yi wa allurar a wasu lardunan ya faɗi ƙasa ƙwarai. Ke nan hanyoyin malaman sun bambanta, amma duk a wuri guda suka sauka, watau a yi wa yaro rigakafi.

5.0 Darasin Kano

A 2003 gwamnatocin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon shan-inna, bayan Majalisar Ƙoli ta Shari'a a ƙarƙashin Dokta Datti Ahmad ta yi zargin cewa an gurɓata shi da maganin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau. Maganar alade ba ita ce kan gaba ba a lokacin, amma tushen abin ɗaya ne: rashin sanin abin da ke cikin kwalba, da rashin yarda da mai kawo ta. Jama'ar Kano kuwa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara 200 a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sakamakon ya yi muni. Yaran da shan-inna ta kama a Nijeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa fiye da 1,100 a 2006, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe kimanin ashirin da suka riga suka rabu da ita, har da Indunusiya a 2005. Kano ta dawo da ɗigon a ƙarshen watan Yuli na 2004, bayan an tura tawagogi sun ga yadda ake haɗa shi, aka kuma kawo na masana'antar Bio Farma ta Indunusiya, ƙasar Musulmi. Abin lura a nan shi ne, hanyar haɗa wannan ɗigo ba ta bambanta da ta sauran ba. Abin da ya canja shi ne an bar mutane sun gani da idonsu, sun kuma ji daga bakin waɗanda suka amince da su. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya, a ranar 25 ga Agusta, 2020 kuwa aka bayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna. Duk da haka ana ci gaba da ɗigon, domin wani rikiɗaɗɗen nau'in ƙwayar yakan ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba.

6.0 Shawarwari

Na farko, ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta da aka yi wa tambayar nan kada ya ce "babu komai a ciki" don kawai ya kashe magana. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a yau ɗan sakandare mai waya yana iya karanta takardar da ke cikin kwalin maganin. Ranar da aka kama ma'aikaci da ƙarya guda, duk gaskiyar da ya faɗa a baya ta zube.

Na biyu, a fassara jerin abubuwan da ke cikin kowane rigakafi zuwa Hausa, da boko da ajami, a nuna wanda aka raina a ƙwai, da wanda aka yi wa aiki da tirifsin, da mai jelatin, da wanda ba shi da ko ɗaya. A ba limamai da hakimai da sarakunan ruwa wannan takarda tun kafin ranar allura, tare da fatawoyin da muka ambata, cikakku, ba rabi ba. Inda ake jin Gunganci ko Kambarci fiye da Hausa, a nemi ɗan gari ya yi bayani.

Na uku, akwai fa'idar lafiya a cikin wannan sani. Yaron da cin ƙwai ke sa wa kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, wajibi ne a gaya wa ma'aikaci kafin a yi masa allurar shawara. Haka ma wanda wata allura ta taɓa yi wa irin wannan. Abin ba ya cika faruwa, amma uwar da ba a gaya mata akwai ƙwai a cikin aikin ba, ba za ta san ta faɗa ba.

Na huɗu, kwalejojin horar da malamai su sa wannan bayani a darasin kiwon lafiya, domin ɗalibanmu su ne ake turawa makarantun tungaye, kuma sau da yawa su ake fara tambaya.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga cewa dabba tana shiga aikin rigakafi a matsayin gona, ko kayan aiki, ko kuma abin da ke tsare maganin a cikin kwalba, kuma a wurare biyu ne ake samun alade, watau tirifsin da jelatin. Mun ga cewa malamai sun tattauna waɗannan abubuwa tun 1995, sun kuma halatta rigakafi, wasu ta ƙofar istihala, wasu ta ƙofar lalura. Magidancin da ya tsaya a bakin jirgi ya ce sai an gaya masa abin da za a sa wa ɗansa, haƙƙinsa ya nema, matambayi kuwa ba ya ɓata. Abin da ya rage gare mu shi ne mu tanadi amsar tun kafin ya tambaya, mu kuma ba shi ita cikakkiya, domin ya bar matarsa ta ƙetaro da yaron a wata na biyar, ta kuma dawo har zuwa na goma sha biyar.